Saye ne ko Aro? Sharhi a Kan Sharaɗin Intanet da Gyaran Sayen Gaba a Wasannin Kwamfuta

Shekaru ashirin ke nan ana ja-in-ja tsakanin masu buga wasannin kwamfuta da kamfanonin da ke ƙera su a kan al'amura biyu, waɗanda ko da yake a zahiri sun yi kama da ƙananan ƙa'idojin ciniki, a haƙiƙa sun taɓo asalin ma'anar saye da mallaka. Na farko shi ne sharaɗin da ake gindaya wa mai saye, cewa wasan da ya biya kuɗinsa ba zai buɗe ba sai ya haɗa na'urarsa da intanet kamfani ya tabbatar da shi. Na biyu kuwa shi ne ɗan ƙarin da ake kwaɗaita wa mutum domin ya biya kuɗin wasa tun bai fito kasuwa ba. Da yake samarin Diffa da na Maine-Soroa da na N'Gigmi su ma sun shiga wannan fage ta wayoyinsu da gidajen gem na unguwa, kuma da yake iyaye da malamai sukan ji ƙorafin ba tare da sun gane inda aka dosa ba, har wasu na ɗauka kukan masu son banza ne kurum, ya kyautu a warware mas'alar daki-daki, a ji hujjar kowane ɓangare, sa'an nan a auna ta da halin da ƙasarmu Nijar take ciki.

Ma'anar kalmomi

Tabbatarwa ta intanet ita ce mai wasa ya shigar da wata lambar sirri, ko ya shiga asusunsa na kamfani, sai na'urarsa ta aika tambaya ga sabar, watau babbar kwamfutar kamfanin da ke riƙe da sunayen masu saye, ita kuma ta amsa cewa wannan kwafi halattacce ne. Idan amsa ta zo wasa ya buɗe. Idan ba ta zo ba, ko don layi ya yanke, ko don sabar ta cika, ko don kamfanin ya rufe ta, to wasa yana nan cikin na'ura amma ba shi da amfani. Wannan sharaɗi hawa uku ne. Akwai tabbatarwa sau ɗaya tak, ranar da aka fara saka wasan. Akwai wadda ake maimaitawa lokaci-lokaci. Akwai kuma mafi tsanani, wadda ke buƙatar layi a buɗe muddin ana wasa, ko da mutum shi kaɗai yake bugawa ba da kowa ba. Dukkan waɗannan dabaru na kulle kayan fasaha su ne kamfanoni ke taƙaitawa da haruffan DRM.

Lasisi kuwa izini ne na amfani da abu bisa sharuɗɗa, ba tare da abin ya zama milkin mai amfani ba. Dogon rubutun nan da ke fitowa kafin a fara wasa, wanda akasarin mutane ke danna amincewa da shi ba su karanta ba, shi ne takardar wannan izini, kuma a cikinsa ne kamfani ke ajiye wa kansa ikon canza wasan ko dakatar da shi.

Sayen gaba shi ne biyan kuɗin wasa, duka ko wani sashe, makonni ko watanni kafin ranar fitowarsa. Gyaran da ake bayarwa a kansa yakan zama tufafin ado ga jarumin wasan, ko wani makami, ko wani babi na labari, ko damar fara bugawa kwana biyu zuwa biyar kafin sauran jama'a. Fasa wasa kuma shi ne masana na'ura su cire kullen, su watsa kwafin da ke aiki ba tare da neman izinin kowa ba, kuma irin wannan kwafi shi ake kira na satar fasaha.

Asalin al'amarin

A zamanin faifai da kaset, wanda ya sayi wasa ya mallaki abin da ke hannunsa: yana iya ara wa aboki, yana iya sayarwa, yana iya ajiyewa shekara goma ya dawo ya tarar yana aiki. Kamfanoni sun daɗe suna neman hanyar hana kwafi, amma sauyi na sosai ya faru ne bayan kamfanin Valve na Amurka ya buɗe dandalinsa na Steam a 2003, sa'an nan a Nuwamban 2004 ya fitar da Half-Life 2 bisa sharaɗin cewa ko wanda ya sayi faifai a kanti sai ya tabbatar da shi ta intanet. An yi gunaguni ƙwarai a lokacin, amma da sannu dandalin ya kawo sauƙin saye da rangwame mai yawa, har jama'a suka saba, ya zama babbar kasuwar wasannin kwamfuta a duniya.

Waɗanda suka biyo baya ba duka suka yi sassauci irin wannan ba. A 2008 kamfanin EA ya fitar da Spore da wani kulle mai suna SecuROM, wanda ya ƙayyade saka wasan sau uku kacal. Da fushin masu saye ya yi yawa aka mai da shi sau biyar, kuma duk da kullen, wasan ya shiga sahun gaba na waɗanda aka fi satar kwafinsu a wannan shekara. A 2010 Ubisoft na Faransa ya wajabta layi a buɗe ko da yaushe ga Assassin's Creed II na kwamfuta, kuma da aka kai wa sabobinsa hari a watan Maris, masu kwafin halas suka kasa wasa. A 2012 kamfanin ya sanar da janye wannan tsari. A Mayun 2012 ɗimbin masu sayen Diablo III suka yi ta karo da saƙon kuskure mai lamba 37 saboda sabobin kamfanin Blizzard da ya ƙera shi sun cika, haka kuma a Maris na 2013 SimCity na EA ya gamu da irin wannan musiba, har EA ya ba masu saye wani wasa kyauta don ya rarrashe su, kuma bayan shekara guda ya fitar da hanyar bugawa ba tare da intanet ba.

Babban karon ya zo a Yunin 2013, sa'ad da Microsoft ya bayyana cewa sabuwar na'urarsa Xbox One za ta riƙa neman intanet sau ɗaya a kowace sa'a 24, tare da taƙaita aro da sayar da tsohon faifai. Abokin hamayyarsa Sony ya mai da abin ba'a, masu saye suka juya baya, kuma kafin watan ya ƙare Microsoft ya soke shirin. Tun daga 2014 kuwa wani kulle mai suna Denuvo, wanda aka ƙirƙira a Ostiriya, shi ya mamaye manyan wasanni, domin ya fi na baya wuyar fasawa.

Hujjar kamfanoni

Adalci ya wajabta a saurari masu ƙera wasannin, domin hujjarsu tana da nauyi. Babban wasa na zamani yakan ci aikin ɗaruruwan ma'aikata na shekara huɗu ko biyar, da dukiya mai kai miliyoyin daloli ɗari ko fiye, alhali kuwa kwafinsa ba ya cin ko sisi, kuma mafi yawan cinikinsa a makonnin farko ake yi. Idan aka fasa shi ranar da ya fito, in ji su, gumin ma'aikata ya tafi a banza. Wani bincike da aka buga a 2024 a kan wasannin da ke ɗauke da Denuvo ya ƙarfafa wannan magana ta wata fuska, domin ya kimanta cewa fasa wasa tun farkon fitowarsa na iya rage kuɗin shiga da kusan kashi ɗaya bisa biyar; sai dai binciken ya nuna kuma cewa bayan mako 12 kullen ba ya ƙara tsinana wani abin kirki.

Suna ƙarawa da cewa haɗuwa da sabar tana hana maguɗi a wasannin da ake bugawa da jama'a, tana ajiye ci gaban mai wasa ko da na'urarsa ta lalace, tana kuma sauƙaƙa gyaran kurakurai. Game da rufe tsofaffin sabobi kuwa, sukan ce riƙe su yana cin kuɗi, kuma izinin kiɗa da na sunayen motoci da na 'yan ƙwallo da ke cikin wasanni yana da wa'adi. A ƙarshe sukan kafa hujja da cewa sharaɗin a rubuce yake, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ra'ayoyin masu wasa

Kuskure ne a ɗauka masu wasa baki ɗaya suke, domin aƙalla sun kasu gida uku. Kashi na farko su ne masu ƙin kulle gaba ɗaya, waɗanda ke cewa abin da ka biya kuɗinsa naka ne, kuma babban abin takaicinsu shi ne hukuncin yakan faɗa kan mai gaskiya: wanda ya saya shi ke jiran layi, shi ke ƙirga sau nawa ya saka wasa, yayin da mai kwafin sata ke bugawa hankali kwance. Waɗannan su ne abokan cinikin dandalin GOG, wanda kamfanin CD Projekt na ƙasar Folan ya buɗe a 2008 bisa aƙidar sayar da wasanni ba kulle, kuma sukan buga misali da The Witcher 3 na 2015, wanda ya fito a kwamfuta ba tare da kulle ba amma aka sayar da kwafi fiye da miliyan 50. Shugaban Valve kansa, Gabe Newell, ya taɓa bayyana a 2011 cewa satar fasaha galibi daga rashin kyawun hidima take tasowa fiye da tsadar kaya.

Kashi na biyu, kuma ga alama su ne mafi rinjaye, su ne masu sassauci, waɗanda suka yarda da tabbatarwa sau ɗaya muddin bayanta za a ƙyale su, amma suka ƙi sharaɗin layi na dindindin a wasan mutum ɗaya. Kashi na uku su ne waɗanda abin bai dame su ba, ko don intanet ɗinsu ba ya yankewa, ko don sun taso ne a zamanin da ba su san wani tsari dabam ba.

Akwai kuma wani abin lura da bai kamata a ɓoye ba, shi ne tazarar da ke tsakanin faɗa da aikatawa. Diablo III da aka yi ta tsine wa, an sayar da kwafinsa miliyan 3.5 cikin sa'a 24 na farko. Kamfanoni sun fahimci cewa hayaniya ba ta cika taɓa aljihunsu ba, shi ya sa ba su janyewa sai inda fushin ya koma ƙin saye ko neman a mai da kuɗi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Abin da ya sake hura wutar a baya-bayan nan shi ne labarin The Crew, wasan tseren motoci da Ubisoft ya fitar a 2014. A ƙarshen Maris na 2024 kamfanin ya kashe sabobinsa, wasan ya mutu ɗungurungum a hannun duk wanda ya saya, har da masu faifai. Daga nan wani Ba'amurke mai suna Ross Scott ya kafa fafutukar Stop Killing Games, wadda buƙatarta ita ce a bar wasa cikin halin da za a iya buga shi bayan kamfani ya janye hannu, kuma a Yulin 2025 takardar koken da aka shigar ga Tarayyar Turai ta haura sa hannun mutum miliyan ɗaya.

Mas'alar gyaran sayen gaba

Sayen gaba yana da dalili karɓaɓɓe a zamanin faifai, domin kanti yana samun adadi ƙayyadadde, wanda bai ajiye nasa ba yana iya zuwa ya tarar ya ƙare. Amma da ciniki ya koma saukewa ta intanet, inda kwafi ba ya ƙarewa ko da mutum miliyan nawa suka nema, sai wancan dalili ya gushe, aka maye gurbinsa da gyara. Maslahar kamfani a nan a fili take: kuɗi sun shiga tun da wuri, an san yawan masu buƙata, an sami adadin da za a nuna wa masu hannun jari, kuma mafi muhimmanci, an ɗaure mai saye kafin masu sharhi su gwada wasan su faɗi aibinsa.

Masu suka suna da tuhuma uku. Ta farko, cewa abin da ake kira gyara sau da yawa yanki ne da aka gutsure daga jikin wasan, don wanda ya yi haƙuri ya sami nasa a tauye. Ta biyu, cewa akan rarraba gyaran tsakanin kantuna da matakan farashi, har ya zama babu kwafi ɗaya da ya cika. Ta uku, cewa tsarin yana rage wa kamfani tsoron fitar da aikin da bai nuna ba. A 2015 Square Enix ya ƙirƙiro wani shiri ga Deus Ex: Mankind Divided, inda gyara ke ƙaruwa gwargwadon yawan masu sayen gaba, amma suka ta sa ya soke shi. A shekarar dai aka janye Batman: Arkham Knight na kwamfuta daga kasuwa kwanaki kaɗan bayan fitowarsa saboda yawan kurakurai. Misalin da ya fi shahara shi ne Cyberpunk 2077, wanda aka ɗage ranarsa sau uku a 2020, mutum miliyan 8 suka biya tun kafin ya fito a ranar 10 ga Disamba, sai ga shi a tsofaffin na'urori da ƙyar yake tafiya, har Sony ya cire shi daga kantinsa na intanet, bai mai da shi ba sai Yunin 2021.

Masu goyon baya su ma ba su rasa ta cewa ba. Wanda ya biya tun da wuri yana iya sauke wasan a hankali kafin ranar, abin da ke da amfani ga mai raunin layi. Ƙananan kamfanoni kuma da kuɗin gaba suke ƙarasa aiki. Sa'an nan tun Yunin 2015 Steam ya ba mai saye damar karɓar kuɗinsa cikin kwana 14 in bai buga sama da sa'a biyu ba, wanda hakan ya rage hatsarin.

Yadda lamarin yake a Diffa da kwarin Komadugu

Muhawarar da aka bayyana a sama an gina ta ne a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa, layi kuma ba ya yankewa sai nadiran. Diffa kuwa, wadda ke nesa da Yamai da fiye da kilomita 1,300, an sa ta ƙarƙashin dokar ta-ɓaci a Fabrairun 2015, kuma intanet ɗin akasarin mutanenta na wayar salula ne, ana sayen sa da awo daga Airtel ko Moov ko Zamani ko Niger Telecoms. Yankewar layi a wannan shiyya abu ne da aka gani da ido: an katse sadarwar salula a Borno da Yobe a 2013, an rufe intanet na waya a Nijar kimanin kwana goma bayan zaɓen Fabrairun 2021, Nijeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, kuma a ranar 14 ga Maris na 2024 wayoyin ƙarƙashin teku sun tsinke suka jefa Afirka ta Yamma cikin matsala. Sharaɗin da ɗan Turai ba ya ko jin nauyinsa, a nan yana iya zama katanga.

A dubi mai gidan gem na unguwa, wanda jarinsa talabijin biyu ne ko uku, da na'urorin PlayStation, da benci, da janareta ko farantin sola, yara kuma suna biya a kan kowane wasan ƙwallo da suka buga. Da maraice, lokacin da ciniki ya kankama, in na'ura ta tsaya tana neman sabuntawa mai nauyin giga da yawa, ko ta ƙi buɗe wasa sai an shiga asusu, to man janareta yana ƙonewa, yara suna watsewa zuwa gidan maƙwabci, kuma babu wanda zai biya shi asarar. Wannan ne ya sa irin waɗannan gidaje suka fi riƙo da tsofaffin wasannin PES da FIFA da Mortal Kombat da na'urorin da aka buɗe kullensu, suka kuma dogara ga masu tura fina-finai da wasanni a kasuwa, domin kayansu ba su tambayar layi. Da Konami ya sauya PES zuwa eFootball a 2021, ya mai da shi kyauta amma ya rataya shi ga intanet, abin da ya zama sauƙi ga wasu ya zama nisa ga wasu.

Ga kuma sha'anin kuɗi. Tun 2020 manyan wasanni suka fara kai dala 70, watau wajen jika 40 na sefa, alhali mafi ƙarancin albashi a Nijar tun Janairun 2024 jika 42 ne. Kantunan intanet katin banki na ƙasa da ƙasa suke karɓa, mutanenmu kuwa da tsabar sefa da naira, da kamfanonin tura kuɗi irin su Nita da Amana, suke hulɗa, don haka sai ta hannun dillalai masu sayar da lambobin kati, kuma wanda ya saya ta hannun dillali, in kaya ya ɓaci, da wuya ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. A Mayun 2024 Sony ya wajabta wa masu buga Helldivers 2 a kwamfuta su buɗe asusun PlayStation, alhali ƙasashe da yankuna fiye da 170, har da Nijar, ba su cikin waɗanda aka yarda su yi rajista a hukumance. An janye sharaɗin cikin 'yan kwanaki, amma ya nuna cewa akan tsara ƙa'ida ba a tuna da mu ba.

Mafi yawan samarin yankin dai a waya suke wasa, irin su Free Fire da PUBG Mobile, waɗanda saukewarsu kyauta ce amma ba su motsi sai da layi. Duk abin da yaro ya saya a cikinsu, na ado ko na makami, a sabar kamfani yake zaune, ranar da aka rufe asusunsa ko aka daina wasan, dukiyar ta tafi. Wannan ita ce fuskar mas'alar da ta fi kusa da gidajenmu.

Mizanin fiƙihu

Fatawa aikin malamai ne, amma ƙa'idojin mu'amala da ɗalibai ke karantawa a zaurukan Diffa cikin littattafan Risala da Mukhtasar suna haskaka mas'alar ƙwarai. Da farko, haƙƙin mai ƙirƙira abin kiyayewa ne. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Kuwait a 1988, ta zartar cewa haƙƙoƙin wallafa da ƙirƙira suna da ƙima ta dukiya kuma bai halatta a keta su ba, dokar ƙasa ma ta ɗora wa hukumar BNDA kare haƙƙin mawallafa. Saboda haka tsananin sharaɗi ba ya mai da kayan wani halas.

Na biyu, Imam al-Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar, ya bambanta a littafinsa al-Furuƙ tsakanin mallakar manfa'a, kamar ta ɗan haya wanda ke iya ba wani haya ko aro, da mallakar intifa'i, wadda izini ne ga mutum shi kaɗai, kamar mazaunin ɗalibi a makaranta. Lasisin wasa ya fi kama da na ƙarshen nan, wanda shi ne mafi rauni, amma maɓallin da mai saye ke dannawa saye aka rubuta a kansa. Nan ne tushen ruɗanin yake, domin an karɓi farashin bai'i, watau saye, an miƙa abin da bai kai ijara ba, watau haya.

Na uku, biya kafin karɓar kaya sananne ne a Shari'a da sunan salam, kuma ya inganta a hadisin Ibn Abbas cewa an halatta shi bisa sharaɗin sanin awo, da sanin nauyi, da sanin ajali. Ɗan kasuwar da ya ba manomin Komadugu kuɗi kafin kaka a kan buhunan busasshen tattasai, ya san buhun, ya san irin tattasan, ya san lokacin tsinka, manomi kuma ya sami na taki da na man injin ban ruwa. Mai sayen gaba na wasa kuwa tallan 'yan mintoci kawai ya gani, ranar fitowa tana iya gusawa, siffar kayan tana iya sauyawa, kuma galibi farashin zai sauka bayan 'yan watanni. Gwargwadon yadda jahilcin siffa ya ƙaru, gwargwadon yadda cinikin ke kusantar garari, abin da Bahaushe ke kira cinikin biri a sama. Damar mai da kaya saboda aibi, ko cikin wa'adi, ita ce ke rage wannan illa.

Abin da ake hasashen zai biyo baya

Alamu sun nuna abubuwa biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. A gefe guda dogaro ga intanet ƙaruwa yake yi, domin wasu wasanni, irin su Red Dead Redemption 2 na kwamfuta, suna neman gurbin giga 150, kuma a 2025 Nintendo ya fito da wasu katuna na na'urarsa Switch 2 waɗanda babu wasa a cikinsu, sai mabuɗin saukewa kawai. A ɗaya gefen kuma doka ta fara farkawa: jihar Kalifoniya ta Amurka ta kafa doka a 2024 da ta tilasta wa kantunan intanet su bayyana cewa lasisi suke bayarwa, Steam ya fara rubuta hakan ga masu saye, Ubisoft kuma ya yi alkawarin hanyar bugawa ba layi ga wasannin The Crew da suka biyo baya. A Nijar, shigowar kamfanin intanet na Starlink a 2025 za ta iya sauƙaƙa wa masu hali, amma ba za ta warware tsadar wasa da wahalar biya da rashin wuta ba. Muddin hanyar halas ta fi ta sata wuya da tsada, kasuwar kwafi za ta ci gaba da bunƙasa, tare da ƙwayoyin cutar na'ura da ke ɓuya a cikinta.

Kammalawa

Idan aka tattara, sharaɗin intanet da gyaran sayen gaba manufarsu ɗaya ce, watau sauke hatsarin ciniki daga wuyan mai sayarwa zuwa wuyan mai saye, kuma nauyin ya fi danne wanda layinsa da aljihunsa suka fi rauni. Kamfani yana da haƙƙin kare guminsa, mai saye kuma yana da haƙƙin a faɗa masa gaskiyar abin da yake biya tun kafin a ƙulla ciniki: ko milki ne ko izini, ko yana aiki ba layi, kuma ina makomarsa ranar da aka kashe sabar. Kafin dokokinmu su kai ga wajabta wannan bayani, abin da ya rage ga ɗan wasa da mai gidan gem da uban da ke biya shi ne su karanta sharaɗi kafin su danna, su fifita wasan da ke aiki ba tare da layi ba, su san ko akwai hanyar mai da kuɗi, kuma su jinkirta saye har kaya ya fito jama'a su gwada shi, domin ɗan adon da ake bayarwa gyara bai kai darajar albashin wata guda ba.